Rediyon Tela da Takabar Mai Rai

Mijina na biyu tela ne a bakin gar ɗin Paraku, wato tashar da jirgin ƙasan Kwatano yake ƙarewa, a sauke kaya a loda wa manyan motoci masu yin arewa. Ba ya shan taba, ba ya caca, goro ma sai an matsa masa, shi da ya auro ni 'yar Jugu, garin da goro ya kafa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane, shi ne rediyo.

Ba rediyon kiɗa da waƙa nake nufi ba, irin wanda kowane direba yake ratayawa. Shi farautar tashoshin nesa yake yi. Ya sayi akwatin a hannun wani direba, baƙi ne mai gilashi a gaba da allura mai tafiya in an murɗa. Ya ɗaura masa waya ta fita ta taga, ta hau gora, ta ƙare a kan mangwaron tsakar gida. Ranar da wata maƙwabciya ta shanya zanenta a kan wayar nan, na ga babban mutum ya kusa hawaye. Lambobin da ke kan gilashin ba su gamsar da shi ba, sai ya bi kowace tasha ya manna mata guntun zare da ƙaro. Ja na Rasha, fari na Ingila, shuɗi na Jamus, rawaya na ƙasar Sin. Kore kuwa na wata tasha ce daga gabas, can wajen ƙasa mai tsarki, wadda takan yi Hausa na ɗan lokaci bayan la'asar, in iska ta ga dama ta kawo ta.

Da ya idar da sallar asuba zai zauna a gabansa, ya karkata kai, ya riƙa murɗawa a hankali kamar mai zura zare a allura. Ƙara ce dai, shuu, ƙiii, sai can wata murya ta ɓullo ta nutse. Wani lokaci yaren ma bai san shi ba, amma ya yi ta gyaɗa kai.

"Maigida, me suka ce?"

"Ban sani ba, uwargida. Amma daga nesa ne ƙwarai."

"To Allah ya ba ka lada. Gishiri dai ya ƙare, shi kuma nan kusa yake."

Haka muke. Ina zolayarsa, yana murmushi, ya ce duniya tana magana ni ina zancen gishiri. A shekarun nan bayan samun 'yancin kai, sojoji suna yawan sauya gwamnati a ƙasarmu Dahome, kuma sau da yawa a bakin telan nan mutanen gar suke fara jin an yi juyin mulki a ƙasarsu, don tashar gida takan yi shiru ta saki kiɗan soja, ta nesa ce take faɗa. Wannan ya sa masa girma a tsakanin direbobi, ya kuma ƙara masa taurin kai a gida. Ina son mutumin nan. Ban taɓa faɗa masa da baki ba, ba a yin haka a gidanmu, amma ina sonsa.

Sai na koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi na zo gidansa.

Mahaifina malami ne mai makarantar allo a Jugu, garin da takardun gwamnati suke rubutawa Djougou. Kakanninmu fataken goro ne da suka yada zango a nan suka ƙi tashi. Ina budurwa aka aurar da ni ga wani ɗan gidan masu goro, da yardata, don kyakkyawa ne kuma ya iya magana. Ba mu daɗe ba, ko ciki ban yi ba, ya bi ayarin masu zuwa hajji ta ƙasa, irin tafiyar da akan yi shekaru ana yi, a tsaya nan a yi ƙwadago, a ƙara gaba. Jagoran ayarin wani dattijo ne manomin doya daga Kolokonde, aminin mahaifina, wanda tun ina rarrafe nake ce masa Baba. Shekaru suka shuɗe ba labari. Ran nan sai ga dattijon ya dawo, ya zama Alhaji, ya rame ya yi baƙi. Ya zauna a zauren mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce mijina ya rasu a hanya, a ƙasar Sudan, zazzaɓi ne, da shi aka yi masa sutura.

Na yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Zane ɗaya, ba kwalli, ba lalle, ba kitso, ba turare, ga 'yar wuƙa da tsofaffi suka damƙa mini in riƙe duk inda zan taka. Na yi kuka na gaske, ba na ganin ido ba. Uwar mijina kuwa, wadda muke kira Inna, kukanta bai tsaya ba har ganinta ya ragu, kuma ba ta ga damina biyu bayan nan ba. Ni na riƙe mata kai ranar da ta cika, sunan ɗanta ne a bakinta. Bayan haka tela ya zo Jugu ɗinkin biki, ya gan ni, ya aiko. Aka ɗaura, na tare a Paraku, na haifa masa biyu, na uku yana ciki lokacin da abin da zan faɗa ya faru.

Kwanakin Babbar Sallah ne. Ina tsakar gida ina feren doya bayan la'asar, shi yana ɗaki allurarsa tana kan koren zare.

"Uwargida, zo ki ji! Yau ta fito tas. Alhazai ake ba wa dama suna gaida gida."

Na ce hannuna da aiki, ya ƙara murya in ji daga nan. Ya ƙara. Wani daga Damagaram ya yi gaisuwarsa, wata tsohuwa daga Kumasi ta yi tata har da kuka. Sai mai gabatarwa ya ce ga kuma wani ɗan'uwa mazaunin ƙasar, wanda ya daɗe bai ga gida ba. Mutumin ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To madalla, to madalla."

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ya fara magana sai ya yi haka, kuma na ci tuwon sadakar arba'in ɗinsa.

Na ce a raina kama ce, Allah ya yi masu kama da yawa. Ban gama faɗa ba ya ambaci sunansa, da sunan mahaifinsa, da unguwarsu a Jugu, bayan kasuwa. Ya ce yana nan lafiya a Makka, yana sayar da shayi a unguwar da mutanenmu suke zama. Ya ce yana gaida Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, ta yafe masa daɗewar da ya yi. Ya gaida yayyensa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Ya gaida liman. Ya gaida Malam mai makarantar allo, wato mahaifina. Na tsaya ina jira, ban san ma me nake jira ba. Sai ya ce wassalamu, ƙara ta taso ta rufe tashar.

Ban san lokacin da na isa ƙofar ɗakin ba. Salati ma ya ƙi fita daidai. Tela bai taɓa ganin mutumin ba, amma ya san sunan, don a gabansa aka ambace shi ranar ɗaurin aurenmu, aka yi masa addu'a. Yana zaune hannunsa a kan maɓallin, bai motsa ba.

"Shi ne?" ya ce.

"Muryarsa ce."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Na shiga na saki labule, na rage murya. Na ce, "Maigida, saurare ni. Duk faɗin Paraku da Jugu wa yake kama tashar nan in ba kai ba? Wa yake da waya a kan mangwaro? Babu wanda ya ji. Kashe abin nan, mu ci tuwonmu."

Har yau ban ga laifina a maganar nan ba. Mace mai 'ya'ya biyu da ciki, me ake so ta ce?

Ya ɗauke hannunsa daga maɓallin. Sannan ya ce, "Na ji, kin ji, Allah ya ji. In igiyar wancan tana kanki, zaman da muke yi mene ne sunansa?"

"Sunansa aure! Da shaidu aka ɗaura, da goro!"

"Shi ke nan. To mu je Malam ya faɗa da bakinsa, hankalina ya kwanta."

Na zage shi ranar nan, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duk mazan gari suna neman abin da zai rufa musu asiri, shi ya hau bishiya ya ɗaura waya yana janyo wa gidansa masifa daga bangon duniya. Ya ɗauki tabarma ya tafi shago ya kwana, da safe ya samo mana wuri a gaban wata babbar mota mai zuwa Jugu.

Mahaifina ya saurare mu a zaure, carbinsa a hannu. Da tela ya kai wurin gaisuwar Inna, sai na ga carbin ya tsaya. Ya sa aka sallami ɗalibai. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, don ƙarya a gaban tsohon nan ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Sai ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa, kamar yana karantar da wani ba 'yarsa ba.

Ya ce mata iri biyu ne a wannan babi. Akwai wadda mijinta ya ɓace, ta kai ƙara wurin alƙali, aka yanka mata shekarun jira, ta jira, ta yi idda, ta yi aure. Wannan ko na farkon ya dawo, in ta riga ta tare, ta zama ta na biyun. Akwai kuma wadda aka kawo mata labarin mutuwa, ta yi takaba a kan labarin, ta yi aure. Wannan in mijin ya bayyana da rai, matarsa ce, ko ta haifi goma a wani gidan.

"Ke ta biyun ce," in ji shi.

Na ce, "Baba, 'ya'yana fa?"

"'Ya'ya na ubansu ne, halal ne, ba wanda zai taɓa su da baki. Amma ke ba za ki koma Paraku ba."

Tela ya ce, "Malam, ba wata ƙofa?"

"In akwai, ni zan fi kowa son in gan ta."

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Jiya ina da miji da ɗaki da tukunya a kan wuta, yau an ce ni matar wani mai shayi ce a Makka, wanda ya gaida liman bai gaishe ni ba. Na dubi mahaifina na ga ya tsufa a zama ɗaya. Ya aika Kolokonde a kira masa Alhaji.

Washegari da hantsi ya iso a kan keke, da doya ɗaure a baya, yana fara'a, a zatonsa ziyara ce. Ina bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, ina jin komai. Mahaifina bai yi kwana-kwana ba.

"Alhaji, wanda ka ce da kai aka yi masa sutura, an ji shi a rediyo yana gaida uwarsa."

Na leƙa ta jikin asabarin. Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, gumi yana bin gemunsa. Ya ce, "Rediyo kuma? Har can?" Kamar abin da ya fi ba shi mamaki ke nan. Sannan ya fashe da kuka, ya faɗi gaskiya.

Ya ce a Sudan sun tsaya aikin auduga don su sami guzuri. A nan mijina ya ga wata, ya aure ta, ya ce shi ya sami wurin zama, Makka ma sai a hankali. Da Alhaji zai juyo gida bayan ya sauke farali, ya biyo ta wurinsa, sai mijina ya ba shi saƙo: ya faɗa wa Malam cewa ya saki 'yarsa, ta yi aurenta, kada ta jira.

"To me ya hana ka faɗa?" in ji mahaifina.

"Malam, a zauren nan na koyi Fatiha. Tuwon gidan nan na ci. Ni na ja yaron nan na tafi da shi. Da wane baki zan zauna a gabanka in ce an saki 'yarka saboda wata, ba laifin tsaye ba na zaune? Tun daga Sudan nake juya maganar. Na ga saki abin kunya ne, za a yi ta yi da ita a gari. Mutuwa kuwa ba ta da kunya, ta Allah ce. Na ce ai duk ɗaya ne, za ta zauna 'yan watanni ta yi aure. Shi kuma ya rantse ba zai dawo ba."

Ban san na ɗaga asabarin ba sai da na gan ni a tsakiyar zaure, ba mayafi.

"Duk ɗaya ne, Baba Alhaji? Duk ɗaya? Na zauna da zane ɗaya kamar mahaukaciya ina yi wa mai rai kuka, shi yana can yana angwanci! Inna fa? Tsohuwar nan ta makance da kuka, ta mutu a hannuna tana kiran ɗanta. Shekaranjiya yana gaishe ta, yana cewa ta yafe masa. Wa zai kai mata gaisuwar? Kai?"

Mahaifina ya daka mini tsawa in koma ciki, na ƙi. Wannan ne karo na farko da na ƙi bin maganarsa, kuma bai maimaita ba. Alhaji yana ta cewa, "'Yata, rufin asiri na nufa, wallahi rufin asiri na nufa." Na yarda da shi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da mugu ne da na san inda zan ajiye shi. Garin neman gira ya rasa mana ido, kuma da zuciya ɗaya ya yi.

Tela ne ya fara ganin hasken da ke cikin maganar. Ya ce, "Malam, in dai ya sake ta tun a lokacin, ai aurenmu yana nan ke nan?"

Mahaifina ya ce haka ne, in sakin ya tabbata, zaman da na yi ya wuce iddar saki, auren tela lafiyayye ne tun ranar da aka ɗaura. Har na fara murna. Sai ya ƙara da cewa, "Amma bakin da ya ce ya mutu shi ne yau yake cewa ya saki. Na gina aure a kan maganarsa sau ɗaya, ba zan sake ba. Sai mutum biyu adalai sun ji daga bakin mai igiyar."

Mai igiya yana Makka. Alhazan bana sun riga sun kama hanyar dawowa. Sai dai na baɗi, masu tafiya ta jirgin sama. Shekara guda ke nan cur.

Na zauna a ɗakin da na yi takaba, shi ɗin dai, da tagarsa mai kallon rijiya. Labari ya gama Jugu kafin magariba. Mata suka yi ta zuwa jaje, ba su san ma wace gaisuwa za su yi ba, wata ta ce barka, wata ta ce sannu da haƙuri, wata ta zauna kawai tana kallon cikina. Har daga ƙauyen Partago wasu suka zo ranar kasuwa don su ga matar da mijinta ya yi magana daga lahira. Dangin mijin farko suka yanka rago don murna, suka kuma yi kukan Inna sabo. Alhaji bai sake shigowa gari da rana ba.

Tela yakan zo duk bayan 'yan makonni a bayan motar kaya, ƙura har gira, da riguna da ya ɗinka wa yara. Ba ya wuce zaure. Yara su fita su hau shi, ni in zauna a bayan asabari, mahaifina yana gefe yana jan carbi. Me mutum zai ce wa matarsa da ba a tabbatar matarsa ce ba, a gaban ubanta? Sai ya ba ni labarin duniya. Yaƙi a can, ambaliya a can, wani shugaba ya faɗi. Ran nan ya zo da ɗoki ya ce Turawa sun sauka a kan wata, da kunnensa ya ji a farin zare. Mahaifina ya ce a'uzu billahi. Ni kuwa na ce, "Su da suka iya zuwa wata, ka roƙe su su biya ta Makka su tambayo mini mai shayi." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na ji yana jan hanci, na ji haushin kaina.

Ya faɗa mini kullum bayan la'asar yana kan koren zare, ko mutumin zai sake fitowa ya ƙara wata magana. Na ce ya ɗauki akwatin nan ya jefa a rijiya. Ya ce, "Uwargida, ba rediyo ne ya yi ƙarya ba." Na san gaskiya ya faɗa, amma ranar nan ban yi masa sai da safe ba.

A wannan ɗaki na haihu, mace. Ranar suna uban jaririya yana zaure tare da baƙi, aka miƙa masa ita ta hannun wata gwaggona, ya yi mata huɗuba, aka dawo mini da ita. Na shinshina zanen da aka naɗe ta, yana ƙamshin man keken ɗinki. A nan ne na yi kukan da na riƙe tun ranar da nake feren doyar nan. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. In mutumin can ya ce bai saki ba fa? In ya ce a turo masa matarsa? Mutumin da ya iya barin uwarsa shekara da shekaru ba aike, me ba zai iya ba?

Da lokacin hajji ya zagayo, mahaifina ya zaɓi mutum biyu cikin maniyyatan Jugu, ladanin unguwarmu da wani dattijo mai sayar da goro, ya ɗora musu amana. Suka tafi, muka bi su da addu'a. Ranar da suka dawo, ko gida ba su huta ba suka zo zaure, tela ma yana nan, ya kwana biyu a gari yana jira.

Ladan ya ce sun same shi ba wuya, kowa ya san mai shayi ɗan Jugu. Ya yi ƙiba, yana da 'ya'ya. Da suka tambaye shi zancen igiya, sai ya buɗe baki ya ce, "Wace igiya? Ai tuni! Alhaji bai faɗa ba?" Ya maimaita a gabansu cewa ya saki tun a Sudan. Sannan suka faɗa masa cewa a Jugu shi mamaci ne, an yi masa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma Inna ta rasu da baƙin cikinsa. Ladan ya ce butar shayi ce a hannun mutumin, ta kife a ƙafarsa, bai ma ji zafin ba. Ya zauna a ƙasa a tsakiyar titi ya ɗora hannu a ka.

Na yi zaton zan ji daɗin wannan. Ban ji ba.

Ya ba da tsaraba a kawo mini, wai in yafe masa. Da na kwance ƙullin sai ga kwalli, irin na Makka mai kyau. Kwalli! Abin da aka hana ni wata huɗu da kwana goma saboda shi. Gwaggona ta ce in zubar. Na ce a'a, kwalli bai yi mini laifi ba. Na rambaɗa shi a idona, na yafa mayafi, na fito zaure. Mahaifina ya dubi tela ya ce, "Ɗauki iyalinka." Ba a sake ɗaura komai ba, don babu abin da ya kwance. Shekara guda na zauna nesa da mijina na halal saboda kunyar wani.

Da muka isa Paraku na tarar da rediyon a rufe da ƙyalle, wayar a naɗe a kan ƙusa. Ya ce ya ga ba na so. Na ce ya mayar da wayarsa kan mangwaro kafin in canza ra'ayi, gidan ba ya yi mini kama da gida in ba wannan shuu ɗin. Ya hau bishiyar nan da girmansa, yara suna yi masa dariya. Muka ci gaba da zamanmu, yana murɗawa ina zolaya, har gashinmu ya yi fari. Akwatin ya tsufa, an zo da ƙananan rediyo masu kyau, ya ƙi sauyawa. Zaren ma in ya koɗe sai ya manna sabo a gurbinsa.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya, kansa a kan cinyata. Ni na rufe masa ido. Na ga an fito da shi a makara, 'ya'yansa maza suka saka shi a kabari da hannunsu suka dawo suka faɗa mini. Wannan karon ba wanda ya kawo mini labari daga wata ƙasa.

Tsofaffi suka zo da zanen takaba da 'yar wuƙa. Wata ta ce, "Ke kam kin san hanya." Na ce ban sani ba, waccan ba takaba ba ce.

Kwana uku da rasuwarsa, na idar da sallar asuba, gidan ya yi tsit a daidai lokacin da ya saba cika da ƙara. Na tashi na yaye ƙyallen, na sa sababbin batura, na zauna a kujerarsa. Na fara daga jan zare na bi a hankali, fari, shuɗi, rawaya, har kore. Muryoyi suna ɓullowa suna nutsewa, wasu da yaren da ban sani ba. 'Yata, wadda aka yi wa huɗuba a zaure, ta leƙo ta ce, "Inna, me kike nema?"

Na ce ba komai, ta je ta ɗora koko.

Na sani sarai wannan ba zai yi gyaran murya ya gaida kowa ba, da idona na ga an fita da shi. Amma har na fita takaba ban fasa murɗawa ba ko da safiya ɗaya.